Kwana Goma na Mai Katanga

A kamfanin rarraba magunguna inda ya shekara ashirin da biyu yana aiki, ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Mai Katanga ake ce masa, ko da yake bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Katangar tasa manhaja ce a kan babbar na'urar kamfanin, wadda rassa goma sha bakwai suke aiko wa da odar magani ta intanet. Duk ƙunshin bayanin da ya iso sai katangar ta tare shi, ta duba inda ya fito da ƙofar da yake nema, sannan ta bi jerin ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa. Ƙa'idar da ta fara dacewa da shi ita ce mai hukunci: ko ya wuce, ko a yar da shi. Manhajar ta kowa ce, kyauta ake samunta, kuma duk mai so yana iya buɗe cikinta ya karanta. Ƙa'idojin kuwa nasa ne, layi dubu ɗaya da ɗari da arba'in, kuma ba mai gane kansu sai shi.

Da gangan ya mayar da su haka. A shekararsa ta uku aka sallami ma'aikata shida rana ɗaya, shi kuma yana da mata da jaririya. Da ya koma ɗakin na'ura sai ya bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, ya goge bayanin da ya rubuta a gefen kowacce. Dabarar ta ci. An sauya manaja huɗu, ba wanda ya ko kalli kujerarsa. Sai dai tun daga ranar bai ƙara yin kwana uku a jere nesa da wannan ɗaki ba, ɗaki marar taga, mai sanyin da ke sa shi saka rigar sanyi a tsakiyar zafi. Ranar auren babbar 'yarsa an kira shi tun kafin a raba abinci. Maiɗakinsa takan gaya wa baƙi cewa mijinta yana nan lafiya, ta ji labari.

Mutum ɗaya ce ba ya iya yi wa gardama, wato yayarsa, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tela ce, har sai da yanar ido ta rufe mata idanu ta daina ganin kafar allura. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tsakaninsu tafiyar awa shida ce a mota. Likita ya sa mata ranar aiki, ya ce tana bukatar wanda zai zauna da ita kwana goma, yana ɗiga mata magani yana riƙe mata hannu.

"Auta," ta ce da shi a waya, "ban taɓa roƙonka ko zare ba. Kwana goma nake so. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini tun yanzu."

"Haba Yaya, zan zo."

"Da ƙafarka, ko a waya?"

"Da ƙafata."

Manaja bai hana ba. Ya ce ko wata guda ne ya tafi, muddin ya bar musu wanda zai riƙe katangar. Aka ɗauko wata injiniya daga wani reshe, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ta san manhajar ciki da bai, har ta taɓa aika wa masu rubuta ta gyara suka karɓa. Mako uku suka yi suna bin layukan tare, tana tambaya tana rubutawa.

"Baba, wannan ta ɗari huɗu da goma sha biyu fa, me take tsarewa?"

Ya daɗe yana kallon layin. Shi ya rubuta shi, babu shakka, amma dalilin ya tafi tare da bayanin da ya goge.

"Kada ki taɓa ta."

"Ai ba taɓa ta zan yi ba. Gaisawa kawai nake so mu yi, tun da ni zan zauna da ita."

Ya miƙa mata makullin ɗaki da kalmomin sirri. Guda ɗaya tak ya riƙe, wadda ake shiga na'urar da ita kai tsaye idan an zauna a gabanta. Ya ce wa kansa ba za a bukace ta ba.

Ana gobe za a yi wa Yaya aiki, da hantsi, yana zaune a mota kusa da taga, jakarsa ɗaure a sama, ana jiran fasinja uku. Jira ya yi tsawo. Sai ya ɗora kwamfutarsa a cinya, wai ya leƙa sau ɗaya kawai. Ya tarar injiniya ta cire layi sittin da suke maimaita juna, ta rubuta bayani a gefen sauran da Hausa mai kyau, oda kuma tana shigowa daga rassa kamar ba a yi komai ba. Wannan shi ya soke shi. Da ya ga ɓarna, da ya fi samun sauƙi.

Ya ce bari ya mayar da layi ɗaya inda yake a da. Abu na farko da ake koya wa mai wannan sana'a shi ne kada ya gyara katanga daga nesa ta ƙofar da ya shigo, kuma shi da bakinsa ya sha faɗar haka. A cikin gaggawa ya ɗora layin nan na "rufe komai", wanda wurinsa can ƙarshe ne, a saman layin da ke barin masu kula su shiga. Ya danna. Allon ya tsaya cik.

Ba a yi minti ɗaya ba wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, rassa duk sun yanke," in ji injiniya. "Na ga abin da ya faru, ba sai mun yi maganarsa ba. Ga ni a gaban na'ura. Ba ni kalmar, minti biyu ya ishe ni."

Direba ya leƙo yana cewa saura mutum ɗaya. Mai Katanga ya buɗe baki. Haruffa goma sha ɗaya ne, yana jinsu a kan harshensa.

"Ba a faɗar irin wannan a waya."

"To, rubuto mini. In ka dawo ka sauya ta."

"Ina zuwa."

"Baba, motarka fa? Don Allah ka zauna inda kake."

Ya riga ya sauka. Direba ya hau sama yana kwance jakar yana mita, wai tun safe dattijon nan yake zaune kamar mai tafiya, ashe ɗumama wa wani kujera yake yi.

Da ya koma kamfani ya zauna a gaban na'urar, gyaran bai kai minti biyun ba. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ba ya neman sanin laifin wa ne, amma a ɗage hutun tukuna, sai an ga katanga ta zauna. Injiniya ta dubi Mai Katanga tana jiran ya yi magana. Shi kuwa ya kau da kai ya ɗauki wayarsa.

Ba ya so a ji shi a ɗakin, don haka ya fito baranda ya kira Yaya. Ya fara da cewa an sami matsala a wurin aiki, sai ta tare shi.

"Kada ka wahalar da bakinka. Tun shekaranjiya na yi magana da matar maƙwabcina, ta ce za ta zauna da ni. Har ta kawo shimfiɗarta."

"Tun shekaranjiya? Yaya, ai a lokacin ban fasa ba."

"Auta, ni na goya ka," ta ce, ba tare da fushi ba. "Koma bakin aikinka. In an buɗe mini ido zan sa a kira ka."