Hoton Da Na Nema A Littafin Malam Haruna

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ni ba. Ni ne Ɗanjuma mai gyaran keke na Sabon Gari. 'Yata Talatu ke rubutawa, ni ke faɗi.

Shekara tara ina zagin Malam Haruna. Malamin makaranta ne daga Samaru, ya yi wata biyu yana zama a bencina yana tambayata labarin da: zamanin jirgin ƙasa, da lokacin da masana'antun Chikaji ke busa ƙaho. Ya buga littafi ya kawo mini. Na buɗe shafi-shafi, ga hotunan mutane, babu nawa. Na rufe. Tun daga ranar nake ce wa kowa ya sace mini baki.

Ba wanda na gaya wa ban iya karatu ba. Da yawanku kun zaci na karanta.

Bara fitsari ya fara yi mini gardama. Na ɓoye, na sha jiƙo wata huɗu. Ranar da ya tsaya cak, a Keke Napep aka kwashe ni ina kuka gaban surukina.

Aka sa mini robar fitsari, aka ɗebi jini, aka yi hoton mara. Likita ya ce, "Baba, da ka ƙara kwana biyu, da ƙoda ta taɓu." Aka yi aiki. Na tsorata ƙwarai.

A gadon kusa da ni akwai Malam Bulus, tsohon malamin coci. Na dame shi da ƙorafi a kan Malam Haruna har ya ce wa Talatu ta kawo littafin. Ya sa tabarau ya buɗe, sai ya yi dariya yana dafe da ɗinkinsa.

"Kai tsoho, wane jaki ya karanta maka wannan?"

Na ce ni na karanta.

Ya kalle ni. Sai ya ɗaga murya ya fara karantawa. Shafin farko, kafin komai, godiya ce ga Ɗanjuma mai keke. Kwana shida yana karanta mini, sunana na ta fitowa, har labarin da na manta na bayar.

Na juya fuska bango. Robar ma ba ta ba ni kunya haka ba.

Yanzu na warke, alhamdulillahi. Na gode wa Allah, da nas-nas, da Malam Bulus. Tsofaffi 'yan uwana, in fitsari ya fara ja muku rai, ku tafi asibiti. Abin da ba ku iya ba kuma, ku faɗa.

Malam Haruna, na ci mutuncinka, ka yafe mini. Sau uku na aika Samaru, shiru. Amma kai ma wata biyu ka yi a bencina, ka ga ko rasit ba na dubawa. Me ya hana ka zauna ka karanta mini ranar da ka kawo littafin? Jama'a, wanda ya san inda Malam Haruna yake ya kai masa wannan saƙo. Ya zo ya amsa mini da bakinsa.