Telar da Ta Matse Wuyan Rigar Kwamanda

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe Gwaggo take buɗe ɗan ɗakin da ke bayan dandamali, a sashen wasan kwaikwayo na jami'a. Ta yaye ƙyallen da ke kan keken ɗinki, ta ɗiga masa mai, ta rataya igiyar awo a wuya. Amma ba ta taɓa almakashi sai ta sa tabarau ta karanta wasan da za a yi, tana bin layi da yatsa, leɓenta na motsi. Shekara ashirin da tara tana haka, sai makon jiya ta ajiye aiki.

Duk wannan a kan idon Dakta ake yi, don tagar ofishinsa tana kallon ƙofarta. Shi ne shugaban sashen, kuma shi ne masanin tsofaffin wasannin ban tausayi, irin waɗanda ba a sauke labule sai da gawa a dandamali. To amma in ɗalibi ya kasa gane zuciyar mutumin da aka ba shi ya taka, ba ofishin Dakta yake nufa ba. Sai ya bi ta ƙarƙashin tagar, ya rusuna ya gaishe shi, ya shige wurin tela. A faɗi gaskiya, kishi ne ya ci Dakta, kuma ba ƙarami ba. Mutum da digiri uku, yana ƙyashin matar da ko sakandare ba ta gama ba!

Ita kuwa ba wani asiri take yi ba. Kafin ta auna kafaɗar ɗalibi sai ta ce, "Ɗana, shi wannan mutumin me yake tsoro?" In sun gano amsar tare, sai ta ɗinke ta a jikin tufafin. Wata ɗaliba da za ta fito a matsayin uwar da aka kashe wa ɗa ta yi ta kururuwa a gwaji, ba wanda ya ji komai a ransa. Gwaggo ta cika gefen zanenta da yashi ta ɗinke. Ranar wasa yarinyar ta fito tana jan ƙafa, ba ta ce uffan ba, mutane suka fara share ido.

Abin da ya fi tsaya wa Dakta a rai ya faru ne shekara goma sha ɗaya da suka wuce. An shirya wasan wani kwamanda da ya rufe wa ƙanensa ƙofar gari ana tsakiyar yaƙi, abokan gaba suka kashe shi a waje, shi ma kwamandan baƙin ciki ya kai shi ƙasa. Dakta ya daɗe yana koyar da cewa girman kai ne ya halaka mutumin, don haka ya ce a ɗinka masa riga mai faɗi. Gwaggo ta ɗinka faɗin, amma ta matse wuyan. A wurin gwaji, da zarar an yabi ƙanen sai ɗan wasan ya sa yatsa yana jan wuyan riga. Dakta ya faɗa ɗakinta a fusace.

"Gwaggo, wa ya ce ki matse wuyan nan?"

"Yi haƙuri Dakta, zauna mana," in ji ta. "Ni fa ban ga girman kai a wurin bawan Allahn nan ba. Mai girman kai ina ruwansa da abin da ake faɗa a kan wani? Shi ko wannan, duk inda aka ambaci ƙanensa sai maganarsa ta yanke. Na duba, sau tara. Yana son yaron fa, abin tausayin ke nan. Amma in aka yabe shi, sai yabon ya tsaya masa a nan." Ta dafa maƙoshinta.

Dakta ya koma ofis ya buɗe wasan. Tara cif. Ya bar rigar yadda take. Daga baya ya rubuta littafi, kuma babi na biyar, wanda ya sa sunansa ya zaga jami'o'i, maganar nan ce ta Gwaggo aka sa mata manyan kalmomi. A shafin godiya ya gode wa matarsa, da mai kula da laburare, har da wanda ya buga masa rubutun. Tela ba ta samu ko layi ɗaya ba. Tun daga ranar gaisuwarsu ta ragu. Har takarda ya manna cewa an hana ɗalibai zama a ɗakin ɗinki, wai suna ɓata lokaci.

Ke ce ba ki taɓa ɗaga maganar ba, Gwaggo. Ke ce da wata ɗaliba ta kawo miki littafin, kika karanta shi tas, kika yi masa riga da ragowar yadi don kada bangon ya yage. Uwar masu kwaikwayo, mai awon zuciya kafin awon kafaɗa. Ɗaliban da suka bi ta hannunki yau suna koyarwa a ko'ina, kuma tambayarki suke fara yi wa nasu ɗaliban.

Ranar bankwana, Dakta ne zai yi jawabi. Ya rubuto shafi biyu: ba ta makara, ɗinkinta ba ya warwarewa. Da aka kira sunanta, zauren ya miƙe tsaye, tsofaffin ɗalibai suna tafi ba ƙaƙƙautawa. Shi ba a taɓa yi masa irin wannan ba, ya kuma ji zafin abin har cikin ransa. Can sai ya lura yatsansa na cikin wuyan rigarsa yana ja. Ya ɗago, ya ga Gwaggo tana kallonsa ta saman tabarau.

Ya ajiye takardar. "Jama'a," ya ce, "babi na biyar na littafina ba nawa ba ne. Na Gwaggo ne. Na sani tun ranar, kishi ne ya hana ni faɗa."

Mun gode, Gwaggo, Allah Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu ofis da taga, ku leƙa ku ga wa ke ɗinka muku suna a ɗakin baya, ku faɗa tun yana raye yana ji.

Da aka watse, Dakta ya je ya tsaya a gabanta. Ta kama wuyan rigarsa ta duba ɗinkin.

"Aiko min da ita gida gobe in sassauta maka," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya ina kallon tana shaƙe ka."