Delbert Haapala da Ɓera na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Delbert Haapala ya yi yana kayar da itatuwan jan katako a dajinmu na Mendocino, kuma bai taɓa ambaton mujiya ba tare da ashar ba. Wai saboda dokar ba ta kariya aka rufe injinan katako uku, ita ta kashe masa aure, har ciwon gwiwarsa ita ce.

Gwiwar kuwa ta raba shi da zarto. Masu kula da dajin, masu sara kaɗan su bar saura, suka ba shi aikin da ya rage: neman mujiya. Kan a shiga wani yanki da zarto, sai ya je ya ɗora ɓera mai rai a kan sanda. In mujiya ta cinye huɗu a gabansa, ba ta da iyali, a yi sara. In ta tashi da ɗaya zuwa sheƙa, an daina maganar sara a wurin.

Abokansa masu zarto sun yi haƙuri da shi, sun bar masa kujerarsa a teburin karin kumallo na shagon Jolene, don har lokacin mujiyoyinsa duk gwagware ne.

Sai aka zo kan Kwarin Kadarko, inda amininsa Orval ya riga ya shafa wa itatuwa shuɗin fenti, alamar sara, aikin rani guda na mutum shida. Orval ya ce masa ya zaɓo ɓeraye masu ƙiba, mujiyar wurin ta ƙoshi ta kwanta.

Ta cinye uku. Delbert ya roƙe ta, ya kira ta hajiyar daji, ya yi mata alkawarin ƙari. Ta kalle shi, ta suri na huɗu ta tashi. Babu kowa a wurin, da ya ga dama da ya ce ta haɗiye. Amma ya bi ta da ɗingishi cikin ƙaya yana zaginta, har gindin wani tsohon icce, inda kawunan 'ya'yanta biyu masu farin gashi suka leƙo.

Washegari Orval ya tare shi a bakin shagon.

"Tsoho, me ka gani?"

"Biyu. Munana, kamar ni da kai."

Orval ya shiga ya ja ƙofa. Tun ranar Delbert a motarsa yake karyawa, shi da kejin ɓeraye.