Kifin Tsohuwar Sifaniya

Ni 'yar masunta ce. A Yawuri aka haife ni, a gidan da hatta labulen ƙofa ƙamshin banda yake yi, kuma tun ban iya ɗaura zane da kyau ba na iya gyaran karfasa. Sai Allah ya haɗa ni da miji Bakano wanda ba ya cin kifi. Ranar da ya fara zuwa gaishe da mahaifina aka ajiye masa farfesun tarwaɗa, ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa afuwa, ƙarni ne ba ya so. Yayyena sun daɗe suna yi min tsiya a kan haka, wai duk mazan duniya na rasa wanda zan kawo sai mai gudun abincin gidanmu.

Da wannan halin muka zo Kuala Lumpur, lokacin da ya samu gurbin digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. Muka kama gida a wani dogon bene a Taman Melati, ni da shi da yaranmu biyu. Ƙasa ce ta kifi, ko'ina ka juya shi ne, ɗanye da soyayye da busasshe. Sai na zama mai tukunya biyu, kifi nawa da yara, kaza tasa. Kafin ya dawo daga makaranta na buɗe tagogi, na wanke kwanuka da lemon tsami, na sa turaren wuta, don kada ƙarnin ya dame shi. Ɗalibai 'yan ƙasarmu marasa iyali kuwa har layi suke yi ranar Asabar, kowa da robarsa, wai a yi musu tapau, wato a zuba musu su tafi da shi. Kowa na yabon kifina, ban da mutum ɗaya da nake so ya yaba. Na haƙura, na ce haka Allah ya yi shi.

A shekararmu ta uku aka karɓi takardarsa a wani taron masana a Sifaniya. Kujerar mutum ɗaya ce, ga yara suna makaranta, don haka ba a ma yi zancen tafiya da ni ba. Ya tafi tare da abokinsa, wani Bazazzage mai surutu da suke ɗakin bincike ɗaya. Da aka tashi daga taron suka ce ba za su dawo haka ba, suka hau mota zuwa wani ɗan ƙaramin garin masunta a bakin teku, wai su huta kwana kaɗan.

Daga nan hotuna suka fara shigo min waya. Fararen gidaje a jikin tudu, ƙofofinsu shuɗaye. Ƙananan jirage an jawo su kan yashi an kife. Tsofaffi zaune a inuwa sun baza taru a cinya suna ɗinke inda ya yage, yadda mahaifina yake yi da hantsi. Ni kuwa ina tsaye a tashar jirgin Taman Melati, ruwan la'asar ya jiƙa min hijabi, yaro ɗaya na ja ta nan, ɗaya na kuka ta can. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Mutumin da bai san bambancin tarun koma da na birgi ba shi ne yake yawo a garin masunta, ni da aka haifa a bakin ruwa ina nan ina wankin kayan makaranta. Duk da haka ina amsa masa da "Masha Allah, a huta lafiya."

Sai ga hoton da ya tsaya min a rai. Maigidan ne zaune a wani tebur na katako a kan yashi, hannun riga a naɗe, bakinsa na ƙyallin mai, yana dariya har kunne. A gabansa faranti ne cike da kawunan kifi da ƙayoyi. A bayansa wata gajeruwar tsohuwa ce mai furfura, da baƙar riga da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, ta dafa kujerarsa kamar ita ta haife shi.

Na ƙara girman hoton, na rage, na sake ƙarawa. Na rubuta masa, "Malam, wannan farantin na wa ne?"

Ya amso, "Nawa ne wallahi. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba."

Na ajiye wayar a kan firji, ban sake ɗaukarta ba sai bayan magariba.

Ya dawo da tsaraba niƙi-niƙi, man zaitun da mayafi da takalman yara, amma bakinsa bai dawo ba, yana can wurin tsohuwa. Da safe ita, da yamma ita. Wai mijinta ne yake fita teku tun asuba, ita kuma tana da rumfar abinci a bakin ruwa. Wai wani tsohon jirgi suka cika da yashi suke hura wuta a ciki, a tsire kifin a jikin kara, a kafa gefen wuta kamar tsire. Wai ba sa sa komai sai gishiri.

Na ce, "Wane irin kifi ne haka?"

Ya ce, "Sadin."

"Sadin? Na gwangwani?"

"Ɗanyensa, uwargida. Ba ki san shi ba ne."

Ni ce ban san kifi ba! Na haɗiye maganar, amma ta ƙi wucewa. Shekara da shekaru ina daka citta da kanumfari da masoro, ina jiƙa tsamiya, ina turara gida kamar na amarya, ashe gishiri kawai ake nema. Kishi nake yi, kishi sosai, da matar da ta girmi uwata, wadda ban san sunanta ba, ba kuma za ta taɓa sanin ina duniya ba.

Ranar kasuwar yamma ta unguwarmu, wadda suke kira pasar malam, na tafi wurin matar da nake sayen kifi a hannunta. Na nuna mata hoton, na rufe fuskar tsohuwar da babban yatsana. Ta duba ta ce, "Boleh, boleh," wato za a samu, ta zaɓo min masu kama da shi, idonsu garau. Na ari murhun gawayi wurin maƙwabciyata, na sauka filin da ke bayan bene, na tsire su a kara yadda ya kwatanta. Ban sa komai ba sai gishiri, ko da yake hannuna har ƙaiƙayi yake yi ya ɗauko yaji. Hayaƙi ya sa mai gadi ya leƙo sau biyu.

Na jera su a faranti na kai masa. Ya kalle su, ya kalle ni, ya yi bisimilla. Ya ɗan mintsini gefen ɗaya, ya daɗe yana taunawa kamar mai tsoron harshensa. Ya ƙara mintsina ɗaya. Sai ya ce, "Ya yi daɗi, sannu da ƙoƙari," ya jawo kwanon shinkafa.

Na kwashe farantin na ba yara, suka cinye tas, ƙaramar tana cewa "Sedap, Mama," wato da daɗi. A raina na ce to, magana ta fito. Ba kifi ne ba ya so ba, nawa ne ba ya so. Kwana biyu ina gaishe shi a taƙaice, shi kuma yana ta tambayata ko kaina ke ciwo.

Ranar Lahadi abokin tafiyarsa ya zo da matarsa su gaishe mu. Ana shan shayi zancen garin ya taso, dama ba ya kwanciya. Bazazzagen ya kalle ni yana dariya.

"Hajiya, ai ba ki ji asalin labarin ba. Garin nan duk inda muka leƙa, ƙafar alade ce a rataye. Oga ya wuni biyu daga burodi sai zaitun. Na ce masa, mutumina, kifi dai halal ne, ko ka ci ko ka faɗi. Aka kawo masa, ya zauna yana kallon farantin kamar an ba shi jarrabawa."

Maigidan ya ce, "Kai, sha shayinka mana."

"Bari in ƙarasa dai. Tsohuwar tana can tana lura da shi. Sai ta zo, ba Turanci ba Hausa, ta janye farantin. Ta tsaga kifin da yatsa, ta kama wutsiya ta ɗaga ƙayar gaba ɗaya, ta tsince ƙananan, ta tura masa tsokar zalla. Haka ta tsaya a kansa tana yi masa ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan yaye. Wallahi sai da ya tashi da faranti biyu!"

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, don kada a gane. Maigidan kuwa ya kafa wa kofinsa ido.

Da suka tafi na same shi a falo yana tattara kofuna, abin da bai saba yi ba.

Na ce, "Malam, ƙaya ce?"

Ya ajiye kofunan, ya ce, "Ƙaya ce."

Ya ce yana yaro ƙaya ta taɓa maƙale masa a wuya, aka yi ta ɗura masa lomar tuwo ba ta wuce ba, sai da aka kai shi asibiti. Tun daga ranar in ya ga kifi maƙogwaronsa ke rufewa. Na ce to me ya hana shi faɗa min?

"A gidanku zan faɗa? Ranar da na je, ƙanenki da bai kai shiga makaranta ba na gani ya jefa kifi ta wannan gefen baki, ƙaya na fita ta wancan, yana magana ma. Ga Baba zaune yana kallona. In ce ina neman 'yarsa amma ina tsoron ƙaya? Sai na ce ƙarni. Da na faɗa sau ɗaya kuma, shi ke nan."

Gaskiyarsa ne ta wani wajen. A gidanmu ba a cire wa babba ƙaya. Yaro ma da zarar ya yi haƙora ake daina yi masa, kuma in ka cire wa baƙo, ka raina shi ne. Ko a mafarki ban taɓa tunanin in yi wa mijina ba. Amma wannan bai rage min komai ba, sai ma ƙari. Tsohuwar da ba ta jin kalma ɗaya ta bakinsa ta dube shi sau ɗaya ta gane. Ni ina gefensa shekara da shekaru, ina ta faman buɗe tagogi.

Washegari ban nemi sadin ba, na bar wa mai shi. Karfasa na saya manya, na yi mata irin dahuwar gidanmu, da tsamiya da citta da yaji yadda hannuna ya so. Na zauna a kicin na bi ta da yatsa a hankali, na zare ƙayar baya, na tsince na ciki da na gefen fiffike, har na tabbata ko jariri aka ba ba abin da zai same shi. Ban buɗe taga ba, ban sa turare ba.

Ya dawo, ya yi wanka, ya zauna. Na ajiye masa. Ya ɗauki loma ta farko da tsoro, ta biyu da sauƙi, daga nan bai sake ɗagowa ba sai da ya ga ƙasan kwanon. Ina zaune ina jira. So nake ya ce ya fi na tsohuwa, kuma na shirya jin haushi in bai faɗa ba.

Ya suɗe yatsunsa, ya ce, "Kin san duk ranar da kika dafa wannan, tun daga matakala nake jin ƙamshinsa? Sai in tsaya a bakin ƙofa in shaƙa, kafin in shigo ki kawo min kaza."

Na ɗauki kwanon na ce bari in ƙaro masa. Na daɗe a kicin ɗin ina share ido kafin na iya ganin ƙayar da kyau.