Shekarar da Na Yi Binne

Ko tsufa zai kai ni in riƙa rikita sunayen jikokina, ban ga ranar da zan manta shekarar da na kwashi irin gidanmu kakaf na zuba a busasshiyar ƙasa ba. Har gobe idan na ji ƙanshin ruwan farko, sai gabana ya faɗi kafin murna ta zo.

Shekarun fari ne. Muna zaune a wata 'yar unguwa tsakanin Ɗambatta da Makoda, inda gona ke jikin gona, mu Kiristoci 'yan gidaje kaɗan, da maƙwabtanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke sha. Damina ta ci amanarmu a jere, rumbu ya bushe har ɓera ya yi ƙaura. Maigidana ya tafi cirani Kano yana dako a kasuwa, ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Kafin ya tafi ya ɗaure zangarniyar geron da ya zaɓa da 'yar dawa, ya rataye a ɗakina. Ya ce ko me za a yi kada a taɓa wannan, domin shi ne gonarmu ta baɗi.

Inna tana da wata al'ada da ko zazzaɓi ba ya hana ta. Kullum da sassafe za ta tara mu a bakin murhu, a yi waƙa ɗaya, ta faɗi aya daga maganar Allah da ka, sannan ta ɗan yi bayani, a yi addu'a a watse. Duk abin bai kai dahuwar kunu ba. Kuma ba ta zuwa nesa neman misali, abin da idonta ya faɗa a kai shi ne wa'azin ranar. Yau tulu ne: ruwan jiya ba ya kashe ƙishin yau, haka ma addu'a. Gobe tsintsiya ce: ɗakin da aka share jiya yana jiran shara yau, haka ma zuciya. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Sau nawa ina ce mata tulu da tsintsiya dai sun ji wa'azi sun ƙoshi, saura cikin yara. Sai ta yi dariya ta ce in ci gaba da zuwa, wata rana tawa ayar za ta zo.

Da bazara ta yi nisa, abin ya kai mana iya wuya. Dusa muke tankaɗewa mu dama da kuka, yara suna yini a gindin goriba. Ƙaramar 'yata, wadda ban daɗe da yaye ta ba, ta rame har wuyanta kamar ba zai ɗauki kanta ba. A nan ne yayan maigidana, wanda gidansa ke jikin namu, ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakina yana kallon damin nan. Shi tuni nasa irin ya shiga turmi. Ya ce, "Amarya, sauke wannan ki daka wa yara. Mai rai shi ke shuka."

Kada ku ce mugu ne, wallahi ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa. Ni ma kaina idan yarinyar nan ta yi kuka, idona a kan damin yake. Na san in dai yana rataye a nan, yau tafi ɗaya, gobe tafi ɗaya, ranar da ruwa zai sauka ba za mu sami ko ƙwaya ba. In kuma muka rasa shukar bana, to gidan ya tashi ke nan, sai mu bi hanya kamar yadda wasu suka bi.

Washegari a bakin murhu, Inna ta buɗe tafin hannunta, ga ƙwayar gero guda ɗaya da ta tsinta a ƙofar ɗakina. Ta ce Ubangiji Yesu ya koya mana cewa ƙwaya in tana hannu ita kaɗai ce, sai ta shiga ƙasa take zama zangarniya. Ta ce akwai abin da in ka ƙanƙame shi kake rasa shi, in ka miƙa wa Allah yake tsira. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce in yi kaza ba, ba ta ma dube ni ba. Amma ni na ji kamar sunana ta kira. Ana cewa amin na miƙe na ce binne zan yi.

Ga wanda bai sani ba, binne shi ne ka shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Idan ruwa ya zo mai kyau, ka riga kowa. Idan kuwa yayyafi ya yaudari iri ya tsiro sannan sama ta ɗauke, ya ƙone, ka yi biyu babu. Ga gara, ga zabi, ga kurciya masu tono. Masu rumbu cike su ke wannan kasada, ba mace mai dami ɗaya ba. Yaya da ya ji, sai da ya riƙe baki. Ya ce shi kam hannunsa ba zai shiga wannan hauka ba.

Na sussuke irin, na ɗauki sungumi, wato dogon abin da ake saran ramin shuka da shi, na nufi gona, Inna tana bina da ƙwarya. Ban yi nisa da sara ba sai ga Malam, dattijon da gonarsa ke iyaka da tamu. Ya dubi sama, fes ba ko gajimare, ya dube ni. Ya ce, "'Yar nan, ke da wa kuka yi alkawarin ruwa?"

Na ce, "Da wanda kake tashi roƙo kullum asuba, Malam."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce lallai bakin nan nawa ya fi sungumin kaifi. Sai ya karɓi sungumin ya shiga sara, ni na koma zuba iri ina takewa da diddige. To a nan na yi abin da duk manomi zai ce ɓarna ce. Maimakon ɗan tsunkule a kowane rami, sai na riƙa zubawa da yawa, don na rantse ba zan koma gida da ko ƙwaya ba, kada ta zame mini jarraba. Da yamma na kife ƙwarya a tsakar gida, wayam.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so wa ko maƙiyina. Rana ta buɗe kamar da gayya. Wata rana yarinyar nan ta yi kuka har muryarta ta dishe, Yaya ya leƙo ta kan danga ya ce in je gona in tono mata abincinta. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na ji haushinsa, na ji haushin kaina, har Inna da ƙwayar geronta sai da na ji haushi. Ɗan garin rogon da maigidana ya aiko daga Kano shi ya riƙe mana rai. Amma kullum da safe ina bakin murhu, ko da fuskata a murtuke take.

Sai aka yi ruwa, ɗan kaɗan, irin wanda ake tsoro. Gero ya tsiro cunkus a kowane rami, gona ta yi kore shar, ita kaɗai a duk karkarar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Ina kallo ganye ya fara naɗewa, yana komawa ruwan toka. Mutane in sun wuce sai su kau da kai don tausayi. Musulmi suka fita roƙon ruwa, mu ma muka taru a majami'a muka durƙusa.

Wata safiya Inna ta ce yau a gona za a yi addu'a. Ta tsuguna ta tona gefen wani rami a hankali da yatsa, ta zaro tsiro ɗaya. Sama ɗan tsito ne, a yamutse, amma saiwar ta ninka shi tsawo. Ta ce, "Kin gani? Ke kina kallon sama kina cewa ya mutu, shi kuwa ƙasa yake bi yana neman laima. Ke ma haka Allah yake miki a kwanakin nan." Na karɓi tsiron daga hannunta, na mayar da shi raminsa na rufe saiwar da ƙasa.

Ba a daɗe ba, wata rana da la'asar ina wankin yara, iska ta juyo da sanyi. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in kwashe shanya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ban shiga ɗaki ba. Da gudu na tafi gona, zani jiƙe, na tsaya a tsakiyar shukar ina rangaɗa guɗa ina kuka. Tun daga ranar damina ta zauna da gindinta, kuma kafin a ce me, geron nan ya miƙe yana rige-rige.

To sai ga wata sabuwa. Ruwa ya zauna, amma rabin unguwa ba iri, yunwa ta cinye, a kasuwar Ɗambatta kuma ya yi wuyar samu. Ni kuwa kowane ramina ya cushe, dole a rage tsiro. Ranar da na fara ragewa, Malam ya zo ya ce kada in zubar da ko ɗaya, ya kwasa ya je ya yi dashe a gonarsa tun ƙasa na da danshi. Kafin azahar labari ya zaga. Mata da maza, namu da nasu, kowa da kwandonsa, ana cirewa ana kaiwa ana dasawa, geron da dawar duka. Ɓarnar da na yi ita ta zama irin unguwa.

Na ƙarshen zuwa shi ne Yaya. Ya tsaya a bakin gona da kwando yana sosa ƙeya. Ni kuwa bakina bai iya haƙuri ba, na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ka zo tonon abincin ne?" Ya yi murmushi ya ce na ci gari. Da hannuna na cika masa kwandon har yana zuba.

Geronmu ya riga na kowa nuna. Zangarniyar farko na gasa ta tumu, na murje a tafin hannuna, na hure, na ba ƙaramar 'yata. Ina kallo tana tauna tana miƙo hannu a ƙara mata, ita ce yau take da nata 'ya'yan. Da kaka maigidana ya dawo ya tarar da rumbu cike, ga kuma dammuna jingine a danga waɗanda ba daga gonarmu suka fito ba. Duk wanda ya yi dashe sai da ya kawo nasa, Malam ne ya fara. Ranar godiyar kaka a majami'a, ni na ɗauki dami a ka na shiga ina rawa, Inna tana baya tana share hawaye.

Inna ta daɗe da komawa ga Ubangiji, yanzu ni ke tara jikoki a bakin murhu, ni mai cewa wa'azi ba ya cika ciki. Abin da shekarar nan ta koya mini shi ne, bangaskiya ba a ranar wahala ake nemo ta ba, kullum safiya ake zuba ta kaɗan-kaɗan, ko da zuciya a bushe take kamar gonar bazara. Kai dai ka yi binnenka tun sama ba gajimare. Ruwa ba naka ba ne, na Mai shi ne, kuma bai taɓa manta inda aka binne masa iri ba.