Ƙasar da Aka Rubuta Mini

Da ƙafa muka zo aikin hajji, ina shekara shida. Inna ta rasu a Sawakin kafin mu haye teku. Sunan ƙauyenmu kawai ta bar mini.

Na girma a nan ƙetaren teku, a unguwar Hindawiyya, ina wanki. Da aka fara kamen marasa iƙama, wato takardar zama, ina yi wa wani mutumin Girka aiki a unguwar Ruwais. Injin jiragen ruwa yake gyarawa. Khawaja muke ce masa. Ya yarda ya zama kafilina, mai tsaya mini wajen hukuma, amma ya ce sai an rubuta ƙasata.

Na faɗa masa sunan ƙauyen. Ya buɗe taswira, ya bi da yatsa, bai gani ba. Ya sauko da wani tsohon littafi. A ciki, kalma ɗaya ce kwance a kan ƙasar baƙaƙe gaba ɗaya. Ya ce kalmar kakanninsa ce, ma'anarta masu ƙonanniyar fuska. Wai Rumawa sun ara, suka mai da ita mace a harshensu, yadda suka saba yi wa ƙasashe. Yana faɗa yana murna.

Na ce, "Khawaja, kakannin naka sun je can?"

"Ba su je ba."

Na ajiye dutsen guga. Mutanen da ba su taɓa shan ruwan wuri ba, su ne suka raɗa masa suna. Amma ana kame a titi. Na ce ya rubuta abin da ya gani. Na dangwala yatsa. Takarda ta fito, halas.

Shekara goma sha huɗu ina sabunta ta, ban san me ke ciki ba. Gwiwoyina suka fara ƙin tsugunno. Na ce gara in koma gida a binne ni cikin dangi.

Mai sayar da tikiti ya juya takardar, ya dube ni.

"Hajiya, ke 'yar Habasha ce. A tashar Masawa za a sauke ki."

Ashe kalmar nan ta littafin Khawaja yanzu sunan Habasha ce. Na ce ban san kowa a Habasha ba, ko gaisuwarsu ban iya ba. Ya ce shi abin da ke rubuce yake bi. Na yi masa Hausa. Ya ce Hausa ba hatimi ba ce.

Na zauna a dakalin ofishin har aka kira la'asar. Khawaja ya daɗe da komawa ƙasarsu.

Washegari na je na karɓo wanki.