Kundin Kakanmu da Muka Shanye

A kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan, layin masu riɗi, babu wanda bai san labarin kakan kakana ba, domin ban bar kowa ya huta ba. Likita ne a birnin Kano a ƙarni na sha tara, tun kafin zuwan Turawa. Yana tsaga ƙurji, yana ɗorin karaya, yana duba ido, kuma abin da ya yi sai ya rubuta. Da ya tsufa ya kamo hanyar Makka a ƙasa, ajali ya same shi a hanya, ɗansa ya ƙaraso nan da jaki da gafakar takardun, ya zauna. Shi ya sa har yau ake ce mana gidan Hakim, wato gidan likita, ko da yake a cikinmu babu wanda ya iya ɗaure ko yankan wuƙa. Ni dai awon riɗi na iya, sai cika baki.

Gafakar tana wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Tun ina yaro nake ganin masu yankan dawa daga Doka da Gadambaliya suna sauka daga lori, su nufo zaurenmu da zazzaɓi ko ciwon ciki. Gwaggo takan shiga ɗaki ta jima, ta fito da ruwa baƙi-baƙi a ƙwarya, su sha su yi mata addu'a. Ruwan kundi muke kiransa. Na sha, 'ya'yana ma sun sha. A zatona yadda kowa yake yi take yi, wato a kwafi rubutu a allo, a wanke allon, a sha. Ban taɓa tambayar kaina yadda matar da ba ta iya riƙe alƙalami ba za ta kwafi rubutu ba.

Gwaggo ɗa ɗaya ta haifa, ya rasu yana saurayi da irin zazzaɓin nan mai daɗewa, mai kumbura ciki. Mahaifina ya so ya kai shi asibiti, ta ce gidan Hakim ba ya fita neman magani, ta yi ta ba shi ruwan kundi har rai ya yi halinsa. Duk lokacin da aka ambace shi takan ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Na ba shi mafi girman abin da gidanmu yake da shi." Da wannan magana take tashi, da ita take kwana, kuma kowa a gidan ya sani.

Da yaƙi ya koro mutanen Khartum zuwa garinmu, cikinsu har da wani dattijo malamin jami'a, muna ce masa Ustaz. Yakan zo rumfata ya sha gahawa. Ya gaya mini aikin rayuwarsa shi ne tarihin likitocin birane na wancan ƙarni, kuma duk takardun da ya tara ya baro su a gidan da ba ya sa ran komawa. Ina jin haka bakina ya soma ƙaiƙayi. Na zazzage masa labarin kakanmu, har da ƙarin gishiri. Sai ya ajiye ƙaramin kofin da ke hannunsa. Ya ce sarakuna da alƙalai sun bar rubutu da yawa, amma da wuya a sami mai magani da ya rubuta aikinsa da hannunsa.

Gwaggo ta ƙi da farko. "Ɗan nan, ba a buɗe shi gaban jama'a," in ji ta. Na yi ta naci har ta gaji ta yi shiru, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin izini. Ban tsaya ga Ustaz kaɗai ba, na gayyato rabin layin riɗi, don masu cewa ƙarya nake su gani da idonsu.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Gwaggo ta fito da gafakar a rungume, ta zauna a gefen gadonta na igiya. Ustaz ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kwance igiyar fata.

Takardar farko babu komai a kanta. Ta yamutse kamar kisira, waina marar kauri ta nan, idan ta kwana, sai dabbaren ruwa launin ƙasa. Ta biyu ma haka. Ya ci gaba da ɗagawa a hankali. Wani maƙwabcina ya yi gyaran murya irin wanda ake danne dariya da shi. Kunya ta rufe ni, kunyar kuma ta koma fushi, na ɗaga wa Gwaggo murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Gwaggo, ina rubutun?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina rana take fitowa. "Yana cikinku mana," ta ce. "Kai ma ka sha naka lokacin ƙyanda."

Ashe tun rasuwar mahaifinta, wanda shi ne na ƙarshe da ya iya karanta wannan hannu, takardar kanta take tsomawa a ruwa, ta shanya, ta mayar.

A can ƙasa an sami 'yan takardu da ruwa bai taɓa ba. Ya kamata in sallami mutane a nan, amma ina neman abin da zan rufe fuskata da shi. Na ce, "Karanta mana, ya Ustaz, su ji." Ya duba rubutun, ya dubi Gwaggo, ya ce a bari sai wani lokaci. Na matsa masa. Sai ya karanta da Larabci, sunayen itatuwa kuma da Hausa. Wani marini ya zo da kumburin ƙafa, na tsaga, na sa masa garin itace kaza, ya warke. Wata mai koda ta zo da ciwon ido, na jiƙa mata sassaƙen itace kaza, bai yi ba, na sauya.

"Ina ayoyin?" in ji Gwaggo.

"Babu aya a nan, ya Hajja. Labarin marasa lafiya ne, da abin da ya ba su."

"Wato karantawa ake yi, a je a nemo sassaƙen?"

"Aywa, haka ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta shafa bakin gado da hannunta. Sannan ta ce, "Na zazzaɓi mai kumbura ciki fa? Ya rubuta?"

Ustaz ya juya sauran takardun, ya ce bai gani ba, mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka goge. Ya ƙara da ba ta haƙuri, "Ma'alesh, ya Hajja," ya soma zancen kyakkyawar niyya, amma ta riga ta miƙe. 'Yan layin riɗi suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsaya shan gahawar da aka dafa.

Ustaz ya ɗauki hoton abin da ya rage da wayarsa, ya yi mini godiya mai yawa, godiyar da na ji kamar mari. Gafakar yanzu tana ɗakina, Gwaggo ta ce ba ta da sauran aiki da ita. Idan ɗan ƙwadago ya yi sallama neman ruwan kundi, daga ɗaki take cewa a nuna masa hanyar asibiti. A kasuwa kuwa in an kira ni ɗan gidan Hakim sai in sunkuya kan ma'auni.

Wata safiya na shiga gaishe ta, tana jan carbi. Maimakon ta amsa gaisuwar, sai ta jefo mini tambaya.

"Da babanka ya kai ɗana asibiti, da ya tashi?"

Na ce, "Allah ne masani, Gwaggo."

"Na san da haka," ta ce. "Kai nake tambaya, tunda kai ne mai son a karanta."

Na miƙe daga durƙuson, na fita. Tun daga ranar Juma'ar nan ban sake jin ta ce kwanansa ne ya ƙare ba.